Yaranmu sun iya ɗaukar nauyi, a aji ne muke ɗaure musu hannu

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, ya san irin yaran da nake nufi. Ɗan shekara 14, ogansa zai fita sayo kaya ya bar masa shago da kwastoma a tsaye, shi zai auna ƙarfe ya yanka, ya yi ciniki ya ba da canji, in ya ɓata aiki ya san shi zai gyara. Amma washegari ka same shi a aji, ko biro ba zai ɗaga ba sai an ce a rubuta, monita na kwafar not a allo su ma suna kwafa, har a tashi babu wanda ya tambaye shi me ya gane ko me yake ganin ya dace. Wallahi abin nan yana ci min rai.

Kuma fa ba baƙon abu ba ne a wajenmu yaro ya riƙe karatunsa da kansa. A makarantar allo kowa da inda yake, wani yana Sabbi wani ya kai Yasin, shi zai wanke allonsa, in hannunsa ya faɗa ya rubuta da kansa, ya zauna ya yi ta maimaitawa, sai ya ji ya zauna masa sannan ya je ya biya wa malam. Malam yana nan da idonsa a kai, amma nauyin yana wuyan ɗalibi. A boko kuwa sai muka ɗauka yaron kirki shi ne wanda ya yi shiru, wanda ya ce "Malam ni dai ban yarda da wannan amsar ba" sai a ce fitsararre ne.

Na san malamai za su ce yawan yara ne, kuma suna da gaskiya. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada ajin gwamnati kan ninka haka, wasu a ƙasa suke zaune. Ga kuma maganar ƙwarewa, ba mu manta da 2017 ba lokacin da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawa aka ce 21,780 sun faɗi. Ko me mutum zai ce kan yadda aka yi jarabawar, malamin da bai riƙe darasinsa da kyau ba tsoron tambaya yake, shi ya sa bulala ke fitowa da wuri.

Sai dai ni a ganina cunkoson ma shi ne dalilin da ya sa dole a sakar wa yara wani abu, don mutum ɗaya ba zai iya bin yara tamanin ɗaya bayan ɗaya ba. A raba su biyar biyar, wanda ya gane lissafi ya koya wa 'yan uwansa, su duba aikin juna kafin malam ya duba. A bar su su zaɓi monita da firifet da kansu maimakon hedimasta ya nuna da yatsa, a ba su akwatin littattafan aji su riƙe rajistar wanda ya ara da wanda ya dawo da shi, in littafi ya ɓace su zauna su nemo mafita. A darasin zamantakewa a ce kowane rukuni ya zaɓi matsala ɗaya a layinsu, kwata ce ta toshe ko bola ko layin ɗiban ruwa, su je su tambayi manya su dawo su yi bayani a gaban aji da bakinsu. Duk wannan ba ya cin ko kwabo.

Mu iyaye ma da namu. A 2022 da aka mayar da makarantun gwamnati na jihar Kaduna kwana huɗu a mako, Juma'a ta faɗo hannun yara, gidaje nawa ne aka zauna da yaro aka ce to kai tsara mana yadda za ka yi da ranar nan? Yawanci aike ne ko waya. Wasu kuma aikin gida ma yaya ko anti ke yi musu don kar maki ya ragu.

Illar tana fitowa ne daga baya. Tun 2015 JAMB da kwamfuta ake yin ta, yaro shi kaɗai da agogo yana gudu, shi zai yanke wace tambaya zai tsallake. In ya samu jami'a irin ABU ko KASU kuma babu mai kaɗa masa ƙararrawa, babu mai duba littafinsa, lakcara ya yi awa biyu ya fita. Wanda a shekara 12 na firamare da sakandare bai taɓa tsara karatun sati ɗaya da kansa ba, a zangon farko yake fara tara kariyoba, wato darussan da ya faɗi sai ya sake su.