A Ba Matasan Unguwa Sifana da Littafin Famfo

Duk wanda ya zaga ƙauyukan ƙasar Daura, daga Mai'aduwa zuwa Zango da Ɓaure, zai ga famfunan tuƙa-tuƙa da yawa a tsaye ba ruwa, hannunsu ya saki, awaki na kwance a kan simintin. Sau da yawa rijiyar burtsatsen lafiyarta ƙalau, ruwa na nan a ƙasa. Abin da ya tsayar da ita ɗan ƙaramin abu ne: roba ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko noti ya kwance aka bar shi har ya ci ramin ƙarfen. Wannan aiki ne da matasan unguwa za su iya riƙewa, in an koya musu kuma an ba su amana. Tara su rana guda a raba riguna a yi shara a watse ba ya hana famfo mutuwa.

Famfon da aka fi gani iri biyu ne, India Mark II da Afridev. A na farkon, hannu yana jan sarƙa, sarƙa tana jan rodi, kowane tsawonsa mita 3, har zuwa silinda da ke nutse cikin ruwa. A cikin silindar akwai robobin da ke ɗago ruwa da kuma bawul na ƙasa da ke hana shi komawa. Kayan aikin mako-mako ba su da yawa: sifana mai lamba 17 da 19, gwangwanin giris, tsumma, buroshin waya da bokiti mai awo. Kowane mako a bi notuna a ɗaure. Kowane wata a buɗe murfin kai, a goge tsohon giris da ƙasar da ta manne wa sarƙa, sannan a shafa sabo. A lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da giris ta riƙa cin ƙarfe, don haka gogewar ta fi shafawar muhimmanci. In hannu ya fara rawa hagu da dama, boris ne ya tafi, a canza shi kafin ya lalata sandar da yake juyawa a kai.

Gwaji biyu ne ya kamata kowane yaron da aka ba famfo ya iya. Na farko, a bar famfon ya huta minti 30, ko a zo da asuba kafin kowa ya taɓa, a ƙirga tuƙi nawa za a yi kafin ruwa ya fito. In ya wuce biyar, ruwa na zurarewa, ko ta bawul na ƙasa ko ta mahaɗar bututu. Na biyu, a yi cikakken tuƙi 40 cikin minti ɗaya a tari ruwan a bokiti. India Mark II mai lafiya bai kamata ya ba da ƙasa da lita 12 ba. In ya ragu, robobin silinda sun cinye. A rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata. Wannan littafin shi ne ke nuna wa kwamitin da ke kula da famfon cewa gyara ya kusa, sai a sayi kayan tun famfo bai tsaya ba.

Akwai iyaka kuma. Zaro bututun ƙarfe na India Mark II aikin makaniki ne mai kayan ɗagawa da mutane da dama, domin in bututu ya suɓuce ya faɗa cikin rijiya, fito da shi ya fi gyaran tsada. Afridev kuwa an ƙera shi ne yadda mutum biyu ko uku za su zaro rodi da hannu su canza roba ba tare da taɓa bututu ba. A nemi sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ko RUWASSA, hukumar jiha mai kula da ruwa da tsafta a karkara, su turo wanda zai koyar a bakin famfon, ba a cikin aji ba.

Inda burtsatsen mai sola ce, aikin ya fi sauƙi: a goge gilasan da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, a canza kan famfon da ke ɗiga, a kashe injin in ruwa ya ja baya a watan Afrilu da Mayu, domin aiki ba ruwa yana ƙona shi.

Kewayen famfo kuwa aikin gayya ne. Tsagar da ke jikin siminti hanya ce da ƙazamin ruwa ke bi ya koma rijiya, a cike ta da wuri. Lambatu ya ɗauke ruwan da ya zube ya kai shi 'yan mitoci nesa, ya ƙare a rami kamar mita ɗaya zurfi da aka cika da duwatsu da tsakuwa. A yi shinge, a sa kwamin shayar da dabbobi a wajensa. Masai kada ya kusanci rijiya da ƙasa da mita 30, kuma gindin raminsa ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da masu bin gida-gida suna duba masai, murfinsa, da sabulu ko toka a bakin ƙofa.

A nan ne ake yawan mantawa da 'yan mata, alhali su ne ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, su ne kuma ke fara gane famfo ya yi nauyi. Ruwa yakan fito daga burtsatse da tsabtarsa ya gurɓace a gida: jarkar da kore ya kama cikinta, randa ba murfi, moɗa a ƙasa. Su nuna wa mata a rataye moɗa, a wanke randa, in an sa kulorin a bi awon da ke jikin kwalbar a jira minti 30. Su iya haɗa ruwan gishiri da sukari don amai da gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba mara lafiya ana kan hanyar asibiti.

Maganar kuɗi a yi ta a fili gaban mai unguwa da liman. Kowane gida da kowane ɗan ga-ruwa mai kura su san abin da za su zuba, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a karanta lissafi bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata. A cikin asusun a ware ɗan ihisani ga matasan da ke aikin. Wanda ake sa wa ido ya zo kowane mako bai kamata ya yi ta a kyauta ba har abada.

Sai a lura da lokacin zaɓen su. Da an gama girbi samari da yawa kan tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, daidai lokacin da rijiyoyin gida ke ƙafewa kowa ya koma kan famfo. Saboda haka a horar da aƙalla huɗu a kowane famfo, biyu daga cikinsu masu zama a gari duk shekara, kamar tela ko mai facin taya ko malamin Islamiyya, kuma sifana da littafi su riƙa kwana a hannun ma'ajin kwamiti.