Haya da wuta da ruwa duk a ciki, amma ban da baƙo

Gidan da nake haya a Mississauga, yamma da Toronto, ɗakin ƙasa ne, besmen, mai gidan da iyalinsa suna sama. Unguwa ce shiru, gidaje a jere kowanne da garejinsa, ba shago kusa, in ba ka da mota sai ka taka zuwa bakin babban titi ka jira bas ɗin MiWay cikin sanyi. Abin da ya sa na kama shi dai shi ne kuɗin wuta da ruwa da hita da intanet duk suna cikin kuɗin haya, kuma duk wanda ya taɓa ganin hunturun Kanada ya san kuɗin hita kaɗai abin tsoro ne. Na biya na watan farko da na watan ƙarshe, na ƙarshen dama shi ne kaɗai ajiyar haya da dokar lardin Ontario ta yarda mai gida ya karɓa, na sa hannu na karɓi makulli. Wallahi ranar na ji daɗi, har bidiyo na ɗauka na tura wa Umma, kicin ɗina, banɗakina, da gumina.

Toh ashe tunda mai gidan ke biyan bil ɗin, idonsa na kan komai. Abin saita zafin gidan yana sama wajensu, ni a ƙasa sai abin da aka ba ni, da safa da rigar sanyi nake kwana. Na haƙura da wannan, duk da doka ta ce daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Yuni kada zafin ɗaki ya gaza digiri 20.

Wanda na kasa haƙura da shi shi ne na Ɗan Baffa. Yaron ya zo karatu bai samu ɗaki ba tukuna, ina zai sauka in ba wajena ba? Ko sati bai yi ba muka dawo daga masallaci muka tarar da takarda manne a ƙofa, wai an lura ruwa na ƙarewa da yawa, wai hayar ta mutum ɗaya ce, in baƙo zai ƙara kwana sai a ƙara kuɗi. Kuma yaron ne ya fara cirowa ya karanta. Ya ce "Yaya, ko dai in koma wajen abokina ne, kar in ja maka matsala." Na ce "Ba inda za ka je." Amma tun daga ranar ya daina sakin jiki, wanka ma a gurguje yake yi, alwala kuma a kofi yake ɗiban ruwa, ina kallonsa raina na ɓaci.

Na ɗauko takardar haya na karanta layi-layi, fom ɗin gwamnati ne da aka wajabta tun 2018, kuma a ciki an rubuta ƙarara mai gida ba shi da ikon hana ɗan haya yin baƙi, tunda ba kicin ko banɗaki muke haɗawa da shi ba. Na hau sama na nuna masa cikin mutunci, ya ce shikenan. Bai ƙara magana ba, amma yaron ya riga ya ji, kwana kaɗan ya tattara kayansa yana ta godiya.

Baffa ne fa ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, a gidansa na girma, shekara da shekaru muna ci muna sha ba wanda ya taɓa ƙirga mana komai, shi ya biya min kuɗin makaranta har na gama. Umma ta kira tana tambaya "Ya yaron Baffanka, kana kula da shi dai ko?" na ce lafiya lau yake, na kasa faɗa mata ya tashi. Yanzu gida nake nema mai mitarsa daban, in riƙa biyan wutata da ruwana da kaina ko da ya fi tsada, don ƙanwar yaron ma tana neman biza.