Yana tsaye aka raba su: a kan hukuncin alƙali a damben Joshua da Takam

Shekaru sun shuɗe tun daren 28 ga Oktoba, 2017, lokacin da Anthony Joshua ya kara da Carlos Takam a birnin Cardiff na ƙasar Birtaniya, amma har yanzu duk sa'ad da hira ta biyo ta kan damben zamani a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, sai an sami wanda zai tono wannan wasa ya ce an zalunci Takam. Ni ina cikin 'yan ƙalilan da ke goyon bayan alƙalin wasan, ko da yake akwai wani ɓangare na ƙorafin abokaina da na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Asali ba Takam ne zai dambata da Joshua ba. Kubrat Pulev ɗan ƙasar Bulgeriya aka shirya, sai ya ji rauni a wajen atisaye, aka kira Takam, haifaffen Kamaru mai zaune a Faransa, saura ƙasa da mako biyu a shiga fili. A turmi na 2 kan Takam ya daki hancin Joshua ya fasa shi. A turmi na 4 Takam ya taɓa ƙasa aka yi masa ƙirge, kuma daga nan fuskarsa ta fara tsagewa har ya zamana jini na zuba daga saman idanunsa biyu, likita na duba shi ana ci gaba. Da aka shiga turmi na 10 Joshua ya sakar masa naushi a jere, alƙali Phil Edwards ya shiga tsakani ya ɗaga hannu, alhali Takam yana tsaye da ƙafafunsa yana nuna bai yarda ba. 'Yan kallo sama da 70,000, waɗanda akasarinsu magoya bayan Joshua ne, suka yi wa hukuncin ihu.

Mafi ƙarfin hujjar da na ji a kan wannan hukunci ta fito ne daga bakin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mahauci wanda ya ɗaure hannu a zamanin ƙuruciyarsa. A ganinsa dambe ba ya ƙarewa sai an yi kisa, wato an kai abokin karawa ƙasa, ko kuma an cika turmi an raba babu kisa, kuma namijin da ya shiga fili da ƙafarsa yana da haƙƙin a bar shi ya kai ƙasa ko ya ga ƙarshen wasa. Raba shi da abokin karawarsa yana tsaye, in ji shi, ƙwace masa mutunci ne a gaban jama'a. Na ce masa, “Baba, ai da a filinku aka yi wannan wasa, tun turmi na huɗu an tashi, domin a nan Takam ya taɓa ƙasa.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce wannan gaskiya ne, amma dokar wani fili ba ta bin mutum zuwa wani fili.

Ni ma abin da nake son a lura da shi ke nan. Idonmu a ƙasar Hausa ya saba da damben gargajiya, inda faɗuwa ita ce shaida, kuma da wannan ido muke kallon damben zamani a gidajen kallo. Sai dai tsarin wasannin biyu ya bambanta ta hanyar da ke juya lissafin haɗari gaba ɗaya. A damben gargajiya turmi uku ne, hannu ɗaya ake naɗewa da zare, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, wanda aka kashe ya fita ya huta. A damben zamani na neman kambun duniya kuwa turmi 12 ne, kowane minti 3, wato mutum zai iya shafe minti 36 ana dukan kansa da hannu biyu, kuma idan ya faɗi ana ba shi ƙirgen goma ya miƙe a ci gaba. Safar hannun da suke sawa tana kare ƙasusuwan mai duka fiye da yadda take kare kan wanda ake duka, don haka mai naushi ba ya tsoron karya yatsu, sai ya yi ta kai wa kai hari. A ajin masu nauyi babu iyakar nauyi ta sama. Duk wanda ya haura kimanin kilo 91 ya shiga, kuma Joshua a wannan dare ya kai kusan kilo 115.

Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar gwaiduwa take a cikin ƙwai: ana iya girgiza ta har ta lalace ɓawon yana nan lafiya ƙalau. Duk naushin da ya juya kai da ƙarfi yana sa ta bugi ƙashi, kuma ƙananan jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon suna iya tsinkewa, jini ya riƙa taruwa a hankali yana danne ta ba tare da kowa ya gani ba. Saboda haka ɗan damben da naushi ɗaya ya kayar aka tashi wasa, sau da yawa ya fi samun sauƙi a kan mai taurin rai wanda ya ƙi faɗuwa yana ta shan duka turmi bayan turmi. Juriyar da muke yaba wa Takam a kanta ita ce ainihin abin da ya wajaba alƙali ya ji tsoro.

Wanda yake ganin wannan magana tsoro ne kawai, ya nemi labarin Magomed Abdusalamov, ɗan Dagestan ta ƙasar Rasha. Kafin 2 ga Nuwamba, 2013, ya yi wasa 18 ya ci duka ba tare da an je ga makin alƙalai ba. A wannan rana ya kara da Mike Perez a New York, fuskarsa ta kumbura tun farkon wasa, amma ya jure har aka cika turmi 10, ya fita daga fili da ƙafarsa. A daren aka gano jini ya taru a kansa, aka yi masa tiyata, ya daɗe a sume, ya sami shanyewar ɓarin jiki, kuma bai sake komawa yadda yake ba. A 2017 jihar New York ta amince ta biya iyalinsa dala miliyan 22. Babu wanda ya yi wa alƙalin wannan wasa ihu a lokacin da ake yi, domin abin da 'yan kallo suka gani jarumta ce.

Ba kuma za a jira ɗan dambe ya ce ya gaji ba. A watan Fabrairun 2020, da Tyson Fury ya takura Deontay Wilder a turmi na 7 jini na fita daga kunnensa, ɗaya daga cikin masu horar da Wilder, Mark Breland, ya jefa tawul don a tsayar da wasa, kuma sakamakon da ya samu shi ne Wilder ya raba gari da shi. Irin zuciyar da ke kai mutum wannan matsayi ba ta san ja da baya ba, shi ya sa aka ajiye mutum na uku a cikin fili wanda yake ganin ƙwayar idon ɗan wasa da rawar ƙafarsa daga taku biyu, abin da mu da ke gaban talabijin a Katsina ba za mu taɓa gani ba.

Ban ce alƙalai ba sa gaggawa ba. A watan Nuwamban 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim ya rasu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, mutuwar da ta sa hukumar damben duniya ta WBC ta rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. Ba a cika wata guda ba, a ranar 10 ga Disamba, alƙali Joey Curtis ya tsayar da wasan kambun masu nauyi tsakanin Mike Weaver da Michael Dokes bayan daƙiƙa 63 kacal, Weaver ya rasa kambunsa yana kare kansa a jikin igiya. Wannan gaggawa ce tsantsa, kuma firgicin mutuwar Kim ne ya haife ta. Amma lamarin Takam daban yake. An kai turmi na 10, idanunsa biyu a tsage, an yi masa nisa a maki, kuma babu wata alama a cikin turamen da suka gabata da ke nuna yana da naushin da zai kayar da Joshua. Da alƙali ya ƙara masa daƙiƙa goma ko ashirin ba zan zarge shi ba, amma abin da Takam zai samu a ragowar wasan bai wuce a ce ya kai ƙarshe ba, kuma kuɗin wannan yabo shi ne ƙarin minti bakwai na duka a kai daga mutum mai kilo 115.

Inda na tsaya tare da abokaina shi ne batun rashin daidaito. A watan Disambar 2018 Wilder ya shimfiɗe Fury a turmi na 12, ya kwanta rigingine kamar ba zai tashi ba, alƙali Jack Reiss ya yi masa ƙirge, ya miƙe, aka gwada tafiyarsa aka bar shi ya ƙarasa, wasa ya tashi canjaras. A watan Mayun 2024 a Riyadh, Oleksandr Usyk ya yi ta dukan Fury a turmi na 9 yana tangaɗi daga igiya zuwa igiya, alƙali Mark Nelson ya zaɓi ya yi masa ƙirge maimakon ya tsayar da wasa, ƙararrawa ta cece shi. Halin da Fury ya shiga a wannan turmi ya fi na Takam muni nesa ba kusa ba. Mutum yana da dalilin tambaya ko da Joshua ne a jikin igiya a Cardiff, a gaban jama'arsa, da kambunsa da maƙudan kuɗin da aka zuba a kansa, za a yi saurin raba su haka. Ni a ganina ba za a yi ba. Sai dai abin da wannan ke nuna mini shi ne manyan taurari ake bari su sha dukan da bai kamata ba saboda darajar kasuwarsu, kuma gyaran shi ne a riƙa kare su kamar yadda aka kare Takam.

Haƙƙin da nake ganin an danne wa Takam yana wajen fili. Mutumin da aka kira a ƙurarren lokaci, ya ceci wasan da aka riga aka sayar da tikitinsa, ya kai zakaran duniya turmi na 10, sannan aka tashi wasan cikin gardama, ya cancanci a sake ba shi dama da cikakken shiri na watanni. An yi wa Weaver haka: a watan Mayun 1983 ya sake haɗuwa da Dokes, suka yi turmi 15 aka tashi canjaras, duniya ta ga cewa lallai an yi masa gaggawa a karon farko. Takam ya nemi a sake, amma Joshua ya wuce zuwa wasan haɗa kambu da Joseph Parker a watan Maris na 2018 a wannan fili na Cardiff, kuma shi da Takam ba su ƙara haɗuwa ba.