Yadda ake jan ɗan littafi ya zama fim uku

Sana'armu tsara labari da tace fim. Ɗan kamfani ne a Kano, ni da yara kaɗan da kwamfutoci uku, kuma mafi yawan aikin da ake kawo mana shi ne a ɗauko littafi a mayar da shi rubutun fim. Furodusa zai shigo da littafin da ba zai wuce a karance shi tsakanin Magariba da Isha'i ba, ya ce, “Malam, so nake ya kai kashi huɗu.” Dalilinsa a fili yake. Jarumai ɗaya, lokeshin ɗaya, kayan sawa ɗaya, amma za a sayar sau huɗu. Haka aka yi zamanin faifai, haka ake yi yanzu da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube.

Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, sai na sa shi ya karanta The Hobbit sannan ya kalli finafinansa, don ban san inda manyan masu kuɗi suka yi irin wannan jan a bainar jama'a kamar nan ba. J.R.R. Tolkien ya fitar da littafin a 1937, don yara, babi 19, shafi wajen 300. Labarin Bilbo ne, wani ɗan guntun mutum daga jinsin da ake kira hobbit, mai son zaman gida, wanda matsafi Gandalf ya haɗa da wadanni 13 suka tafi ƙwato dukiyarsu daga hannun dodo Smaug. A 1977 an yi shi da zane a Amurka cikin minti 77, kuma labarin ya fita. Darakta Peter Jackson kuwa, wanda ya ba kowane kundi na The Lord of the Rings, babban littafin Tolkien mai kundi uku, fim guda, sai ya mayar da wannan ɗan littafi fim uku: minti 169 a 2012, minti 161 a 2013, minti 144 a 2014. Kusan awa takwas ke nan.

Asali biyu aka shirya. Guillermo del Toro ne zai ba da umarni, ya janye a 2010 saboda jinkiri, Jackson ya karɓa. Sai a watan Yuli na 2012, bayan an gama babban ɗauka a Niyuzilan, aka sanar cewa za su zama uku. Duk mai tace fim ya san abin da wannan ke nufi. An rubuta labari da gaɓa ɗaya a tsakiya, yanzu an ce ka nemo gaɓa biyu. Shi ya sa fim na biyu ya tsaya daidai lokacin da Smaug ya tashi zai ƙone gari, sai a farkon na uku aka kashe shi cikin 'yan mintuna. Mai kallo ya yi shekara yana jira, ko zama bai gama gyarawa ba an gama da dodon.

Ba duk ƙari ne nake ƙi ba, kuma nan nake saɓawa da masu zagin finafinan gaba ɗaya. A littafi Gandalf yakan ɓace ya bar ayari, marubucin ya ɗan taɓa dalili ya wuce. Jackson ya je rataye na ƙarshen The Lord of the Rings ya ɗebo abin da Gandalf ke yi a Dol Guldur, maɓoyar wani mugun matsafi, ya cike gurbin. Wannan ƙari ne mai tushe, marubucin da kansa ya bar ƙofar a buɗe. Shi ne farkon abin da muke nema idan aka kawo mana littafi: ina ne aka ce “bayan shekara uku” aka tsallake, wace ce aka ambata ba a nuna ta ba. Ba ma ƙirga shafi, fitowa muke ƙirgawa, domin shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo, alhali layi biyu na littafi kan iya cin minti goma.

Ɗaya irin ƙarin kuwa ruwa ne a miya. An ƙirƙiro wata jaruma Tauriel wadda babu ita a littafi, aka ɗora mata soyayya da Kili, ɗaya daga cikin wadannin. An dawo da Legolas, wani jarumi daga The Lord of the Rings, wanda shi ma ba ya ciki. Azog, wani mugun maƙiyin wadannin da Tolkien ya ce an kashe tun kafin labarin ya fara, aka tashe shi ya yi ta bin su fim uku. Mafi girma shi ne yaƙin ƙarshe. A littafi dutse ya bugi Bilbo ya suma, da ya farka aka ba shi labarin yadda aka ƙare, 'yan shafuka kaɗan. A fim shi ya cinye yawancin kashi na uku, kuma cikin rundunonin kwamfuta sai ka nemi Bilbo ka rasa, alhali sunan jinsinsa ne a kan fim ɗin. Wasu masu kallo har sun zauna sun tace ukun da kansu, suka rage su zuwa wajen awa huɗu.

Furodusa mai wayo zai ce mini, ai finafinan sun tara kusan dala biliyan 3. Gaskiya ne, ba na musu. Amma mu ba mu da dodo na kwamfuta da zai riƙe mai kallo. Idan muka ja, abin da ke fitowa shi ne mota tana shiga gida a hankali, maigadi yana rufe ƙofa, ana gaisuwa har da tambayar kaji, sannan waƙa. Mai data kuwa ba ya jira, gaba yake turawa.

Don haka idan aka kawo aiki, nakan rubuta fitowar littafin duka a takarda, in sa alama a kan waɗanda jarumin labari ke ciki. Duk kashin da ya wuce rabi babu shi, ina gaya wa mai aikin cewa wannan kashin ba zai tsaya ba. Wani ya yarda mu yi biyu. Wani ya ɗauki littafinsa ya kai inda za a yi masa huɗun, a farashin da bai kai nawa ba.