Zane da almakashi: darasin Matis ga yaran firamare a Sakkwato

Kowane aji ba ya rasa yaron da za a miƙa wa fensir ya noƙe, ya ce, "Malam, ni ban iya zane ba." Irin wannan yaro a karɓe fensirin, a ba shi almakashi. Dabarar ta Henri Matisse ce, mai zanen nan na Faransa da ake kira Matis, wanda aka haifa a 1869 ya rasu a 1954. Bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa ta yi masa wuya, sai mataimakansa su riƙa shafe takardu da fenti, shi kuwa yana zaune yana yankawa, suna kafa masa a bango inda ya nuna. Aikinsa na 1953 mai suna Dodon Koɗi, da ke gidan adana zane na Tate a Landan, ya kusa mita 3 a tsawo da faɗi, kuma gutsattsarin takardu ne masu launi da aka jera suna kewayawa.

Ɗan Sakkwato bai kamata ya ga baƙunta a nan ba. Dukawanmu sun daɗe suna yanka fata mai launi su ɗora a kan wata, a jikin jaka da matashi. Idan da hali, a shigo da matashin fata aji a ajiye kusa da hoton aikin Matis. Iyayen da ba sa son a zana mai rai su ma hankalinsu zai kwanta, don ganye ne da siffofi kawai.

Ga aji mai yara 30, a kasa su gida 6. Za a nemi farar takarda mai ɗan kauri guda 60, kwali fari 6 da za a tsaga kowannensu kashi biyar, fentin ruwa ja da shuɗi da rawaya da kore da baƙi, soso, da almakashi mai dakusasshen baki, ko da guda 3 ne a kowane rukuni. Gam kuwa, ƙaro ya wadatar: a jiƙa kofi 1 a ruwa kofi 2 ya kwana, a tace da tsumma. Sitaci ma yana kamawa, sai dai kiyashi da kyankyaso za su bi aikin su cinye.

Darasin na kwana biyu ne. Ranar farko shafa fenti kaɗai. Kowane yaro takarda 2, kowace launi ɗaya tak, kuma kowane launi da nasa soso, in ba haka ba kafin minti goma komai ya koma ruwan ƙasa. A dama fentin ya yi kaurin kunu. Idan ya tsinke, takarda za ta jiƙe ta yamutse, launin ya fito a koɗe. Lokacin hunturu takarda kan bushe nan da nan amma ta nannaɗe, don haka a shanya a inuwa cikin aji, in ta bushe a danne ta da littattafai ta kwana.

Rana ta biyu ita ce zuciyar aikin. A baza ganyen gwanda da na rogo da na dogon yaro a kan tebur, a ce su duba, sannan su yanka siffarsu a takardun da suka shafa wa fenti ba tare da sun zana layi ba. Nan malami zai dage, domin da zarar an yarda da fensir, tsohon tsoron ya dawo, yaro ya koma gogewa da sakewa. A nuna musu hannun da ke riƙe da takarda shi ke juyawa, almakashi yana wuri ɗaya yana buɗewa yana rufewa a hankali. Bahago a zaunar da shi a gefen hagu na benci kada gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Kuma kada a share ragowar da ta zube. Ramin da ganye ya bari a jikin takarda sau da yawa ya fi ganyen kyau.

Kuskuren da ya fi ɓata wannan darasi shi ne fito da gam da wuri. A ɓoye shi tukuna. A kashe fanka, a tura taga idan ana iska, yara su jera yankansu a kan kwali, su matsar, su musanya launi da juna har minti 10. Malam ya zagaya yana tambaya: "Bello, in ka kai wannan jan kusa da koren, me ka gani?" Yaro ya gwada da kansa. Sai ya gamsu sannan a ba shi ƙaro, ya ɗiga kaɗan da tsinken tsintsiya a tsakiya da gefuna, ya danna da tafin hannu yana ƙirga goma. Gam mai yawa yana narkar da fentin ruwa ya ɓata farin kwali.

A rubuta sunan kowa a baya, a kafa ayyukan a bango daidai tsayin idon yara, ba na malam ba.