Kwamfutar da Ba Ta San Turmi Ba

A 2009 na fara saka wa wani Alhaji manhajar lissafin kasuwanci mai suna Peachtree a kwamfutar shagonsa na Kantin Kwari. Ya ƙirgo naira 25,000 ya miƙo mini, na fito ina jin na gama haye wa talauci. Bayan sati uku na koma gaishe shi, sai na tarar an lulluɓe kwamfutar da ƙyallen shadda, an ɗora kwanon fura a kanta, tsohon littafinsa mai jan bango kuma ya dawo kan tebur.

Na ce, "Alhaji, lafiya? Ta lalace ne?"

Ya ce, "Ƙalau take, Injiniya. Ita dai ba ta san turmi ba."

Da gaskiyarsa. Na tsara masa komai a kan guda-guda, kamar mai sayar da rediyo, alhali shi dila yake sarowa, ya sayar da bandir, ya sayar da turmi, wani lokacin a yanka yadi biyar. Ga mutanensa na Maraɗi da Damagaram da Njamena waɗanda ke ɗaukar kaya sai bayan Sallah su kawo kuɗi, wani rabi, wani ya haɗo da sabon bashi. Babu ɗaya daga cikin wannan da na tambaya kafin in fara danne-danne. Wata biyu na yi ina zuwa shagon bayan La'asar, in zauna a kan dila kusa da yaran shago, ina kallon yadda ake rubuta ciniki. Ba a biya ni ko sisi ba. Duk abin da na ci a sana'ar nan tun daga lokacin, daga zaman nan ya fito.

Matasa kan tambaye ni wace manhaja za su koya. Ina faɗa musu, amma ba na son tambayar. Peachtree ɗin da na fara da ita ta koma Sage 50 a 2012. OpenERP ta koma Odoo a 2014. QuickBooks ta karkata zuwa intanet da biyan kuɗin wata. A masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda akantocin Indiya suke, Tally za ka tarar, kuma ba mai sauya musu ita don ka zo. Wanda ya auri manhaja ɗaya, ranar da ta yi yaji shi ma ya bar cin tuwo. Abin da bai sauya ba tun da na fara shi ne tambayoyin maigida guda uku: me ya rage a sito, wa nake bi, wa yake bi na.

Kuskuren da ya fi cin shekaruna shi ne rayuwa a kan kuɗin sakawa. Ka saka, a biya ka, ka tafi farautar wani shagon. Watan da aka samu uku a yi cefane da nama, watan da babu a koma garau-garau. Kuma wanda ka saka wa bara zai kira ka ƙarfe goma na dare don rasit ya ƙi fita, ka hau babur ka je, ya sallame ka da "Allah ya yi albarka." Addu'a na da daɗi, amma ba ta biyan kuɗin makaranta. Sai wajen 2013 na fara neman kuɗin wata. Ba a karɓe ni da fara'a ba. Ɗan kasuwar Kano ba ya son biyan abin da ba zai ɗaga ya auna ba. Wani ya ce mini, "Kuɗin me zan ba ka, alhali ba abin da ya lalace?" Na ce, "Ranka ya daɗe, maigadin sitonka fa? Watan da ɓarawo bai zo ba, hana shi albashi kake yi?" Ya yi dariya, ya rage kashi ɗaya cikin uku na abin da na faɗa, muka shirya.

Aikin watan ba wani abin burgewa ba ne. In kwafi bayanai in ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a cikin kasuwa ba, domin duk wanda ya san kasuwannin Kano ya san gobara. In gwada takardar banki da abin da aka shigar. In shiga sito da yaro ɗaya mu ƙirga kaya iri goma da na zaɓa ba tare da na sanar ba. Amfanin wannan yakan fito ne ranar da ƙasa ta juya. Da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, masu kuɗin wata cikin kwana biyu na gyara musu. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardar naira, ciniki ya koma tiransifa da POS dare ɗaya, alat na shigowa wayar maigida, da ta ɗansa, da ta yaron shago. Shagunan da ba wanda ke haɗa musu lissafi sun sha wuya ƙwarai, wasu har da alat na bogi. A wata ukun nan na sami sababbin mutane fiye da na shekara biyu.

Daga baya aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk manhajar da ake biya da dala ta zama ƙaya. Wasu na mayar da su Odoo ta kyauta a kan kwamfuta ɗaya a ofis, da inbata da sola. Wani mai shago ɗaya a kasuwar Singa kuwa na ce masa Excel ta ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa. Na yi asarar aiki a ranar. Bayan wata biyar yayansa mai injin casar shinkafa ya neme ni, wai ƙaninsa ya ce ga wanda ba ya cusa wa mutum kaya.

Na taɓa barin masana'anta ɗaya ta zama kusan duk abincina. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2016 suka rage aiki, aka sallame ni da waya ɗaya. Wata huɗu ina cin jari. Tun daga nan ba na yarda mutum ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo mini. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji kuma a yi su da wuri, kamfani ba ya biyan wanda ba shi da takarda.

Abin da ba a koyarwa a ko'ina shi ne riƙe baki. Wanda ya ga lissafin mutum ya ga cikinsa. Na san Alhajin da ake yi wa kallon mai kuɗi alhali bashi ya kai masa wuya, na san mai silifas ɗin roba da zai iya sayen layin gaba ɗaya. An sha jan hannuna gefe a ce, "Injiniya, nawa wane yake saro shaddar nan?" Amsata kullum ita ce na manta. Mai tambayar ma gwada ka yake yi, ko ya sani ko bai sani ba, domin in ka faɗa masa na wani ya san gobe nasa za ka kai gaba.

Mafi nauyi shi ne ranar da lissafi ya nuna hannu. Na taɓa ganin kwali 40 sun yi ƙafa cikin wata uku, kuma duk a ranakun da ɗan 'yar'uwar maigida ke riƙe da makullin sito. Ban ce sata ba. Na jira aka watse, na buga takardar, na ce, "Alhaji, ga ranakun, ga adadin. Ni lamba na sani, kai ka san mutanenka." Ya daɗe yana kallon takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu. Bayan sati biyu aka mayar da yaron gona, ba wanda ya ji komai a kasuwa. Akwai kuma wanda ya nemi in yi masa lissafi biyu, na gaskiya da na masu haraji. Na ba shi haƙuri, ya nemi wani, har yau muna gaisawa a masallaci.

Alhajin nan na farko yanzu ya tsufa, babban ɗansa ke riƙe da shagon. Shi so yake ya ga cinikin yini a wayarsa ko yana Guwanzu ta ƙasar Sin wajen saro kaya, na kuwa haɗa masa. Da muka zo rufe lissafin bara sai muka ga giɓin da ya ƙi cikewa, muka je gida muka sami tsohon a zaure. Ya sa aka ɗauko littafin mai jan bango. Sunaye ne kamar goma sha biyu, tsofaffin abokan ciniki da karayar arziki ta sama, da matan wasu da suka rasu.

Ɗan ya ce, "Baba, a shigar da su mana, lissafi ya daidaita."

Ya ce, "Wannan tsakanina da su ne. Ba na son yaran shago su gani."

Na buɗe layi ɗaya a cikin manhajar, na sa jimillar kawai ba suna, na rubuta masa "Littafin Baba." Duk ƙarshen wata ɗan yakan kira ni ya faɗi sabon adadin, in gyara.