Awannin Jirgi Mai Inji Biyu: Wane Gurbi Za Su Shiga a Logbuk?

Wanda ya zauna ta wajen Palladan ko Hanwa a Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen da ke shawagi tun da safe daga filin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. Mai kunne yakan bambance jirgi mai inji ɗaya da mai biyu tun daga ƙasa. Bambancin da ya fi ba da wuya yana kan takarda ne, bayan an sauka, an kashe inji, an ɗauko logbuk, wato littafin da matuƙi ke rubuta awannin tashinsa. Ina riƙe da lasisin PPL, na matuƙi mai zaman kansa, lokacin da na fara hawa mai inji biyu, kuma shafuka biyun farko sai da na zauna na bi su layi-layi na gyara.

Lasisi daban, izinin ajin jirgi daban. PPL ta ba ka damar tuƙi ba don a biya ka ba, amma a cikinta akwai wurin da ake buga ajin jirgin da aka gwada ka a kai. Wanda ya koya da jirgi samfurin DA40 ko TB9, aji ɗaya ke gare shi: mai inji ɗaya. A Najeriya NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ce ke ƙara aji a lasisi, bisa kashi na 2 na dokokinta, waɗanda ke bin sawun kundi na 1 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Muddin ba a ƙara maka ajin inji biyu ba, duk awar da ka yi da malami a cikin DA42 ko Baron 58, masu inji biyu, gurbinta ɗaya ne, gurbin duwal, wato tashi a ƙarƙashin koyarwa. Ko kai ka tayar da jirgin, ka kai shi, ka sauke shi, malamin bai sa hannu ba ko sau ɗaya, ba za ta shiga gurbin PIC ba, wato na matuƙin da alhakin jirgi ke wuyansa.

Nan na fara kuskure. Da yake na saba zama PIC a mai inji ɗaya, sai hannuna ya zarce can, tashi huɗu a jere. Malamina ya buɗe littafin zai sa hannu, ya ɗora yatsa a kan gurbin ya ce, "Malam, wa ya naɗa ka kyaftin a jirgin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na tuƙa." Ya ce in buɗe lasisina in nuna masa inda aka rubuta. Babu.

Amma awannin ba su salwanta ba. Suna shiga gurbin inji biyu, suna shiga jimillar awanni gaba ɗaya, kuma ICAO ta ce a lissafa wa mutum dukan awannin duwal wajen neman lasisi na gaba. Sai dai ba sa rage komai daga awannin PIC da ake nema a lasisin CPL na tuƙin kasuwanci, wato 100, ko 70 ga wanda ya bi ta cikakken kwas da hukuma ta amince da shi.

Sai lissafin lokacin kansa. Ma'anar da ICAO ta bayar ita ce daga sa'ar da jirgi ya fara motsi da niyyar tashi har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ƙarshen tafiya. Ga layi guda daga littafina. Na tayar da injin farko ƙarfe 8:02, muka fara gangarawa 8:14, taya ta bar ƙasa 8:24, ta taɓa ƙasa 9:36, muka tsaya 9:44, na kashe inji 9:47. Lambobi uku ke fitowa daga nan. Aikin inji awa 1 da minti 45. Zama a iska awa 1 da minti 12, wanda shi ne injiniyoyi suka fi kula da shi don lissafin gyara. Nawa kuwa na logbuk shi ne 8:14 zuwa 9:44, awa 1 da minti 30. A mai inji biyu tazarar nan ta fi faɗi, domin inji biyu za ka tayar ɗaya bayan ɗaya, ka jira su ɗumama, ka gwada kowanne. Wanda yake kwafar agogon Hobbs, mai ƙirga awanni a cikin jirgi, ido rufe zai iya ƙara wa kansa kwata a kowane tashi ba da saninsa ba, tunda a jirage da yawa agogon yana fara ƙirga ne da tashin inji.

Idan littafinka na ɗigo ne, awa 1 da minti 30 ita ce 1.5, ba 1.3 ba, kowane 0.1 minti 6 ne. Kuma ana rubutu da agogon duniya na UTC, wanda yake bayan namu da awa ɗaya, don haka 07:14 zuwa 08:44 na sa.

Inda na fi ganin mutane suna zamewa shi ne kujerar dama. Wani mai izini zai kai jirgi Kano ko Abuja, ya ce ka zo ka zauna kusa da shi. Ka riƙe rediyo, ka karanta jerin dubawa, wataƙila ma ya sakar maka jirgin na minti 20 a sama. Da an sauka zuciya sai ta ce a rubuta. To a wane gurbi? Ba duwal ba ne, don mutumin ba malami ba ne, ko kuma malami ne amma ba darasi kuka fita ba, ba zai sa hannu ba. Ba PIC ba ne. Ba kuma mataimakin matuƙi ba ne, domin DA42 da Baron 58 duka an yi musu rajistar tuƙin mutum ɗaya. Awannin mataimaki suna samuwa ne a jirgin da takardarsa ta ce sai da matuƙa biyu, ko inda dokar ƙasa ta wajabta na biyun. Ko a wannan hali na biyu, abin da ICAO ta shimfiɗa shi ne kada a lissafa fiye da kashi 50 cikin 100 na awannin wajen neman lasisi na sama, sai in hukuma ta yarda da ƙari saboda kayan aikin jirgin da yadda ake tafiyar da shi. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, fasinja ne kai mai ilimi. Ni irin wannan tafiya a wani ɗan littafi daban nake rubuta ta, don abin da na koya, ba ta taɓa jimilla.

Bayan an ƙara maka ajin, sai wata rigimar ta taso, kuma yawanci daga intanet ake kwaso ta. A Amurka, sashe na 61.51 na dokokin FAA, hukumar jiragen samansu, ya yarda mai izinin aji ya rubuta PIC a duk lokacin da shi kaɗai ke sarrafa jirgi, ko da malami na zaune yana koyar da shi. Malamin ma ya rubuta PIC, awa ɗaya ta shiga littafi biyu. A Turai, ƙarƙashin tasu hukumar EASA, PIC ɗaya ne a tashi ɗaya, darasi kuwa duwal ne ko kana da izini. Hatta hanyar samun izinin ta bambanta. EASA tana son awa 70 na PIC kafin izinin farko na inji biyu, da darasin karatu a ƙasa na awa 7, da awa 6 a sama, 3.5 daga ciki a kan mutuwar inji. FAA ba ta yanka adadin awanni ba ga mai ƙara aji, malami ne zai sa hannu cewa ka isa, ka je gwaji. Wanda ya karanta ƙa'idar wata ƙasa ya zuba ta a littafin da wata hukuma za ta duba, shi ya jawo wa kansa. Abin da na zaɓa shi ne mafi tsauri: in dai darasi ne, duwal nake sawa. Na ware wani gurbi da ba a amfani da shi a gefe na sa masa suna, ina tara awannin da ni kaɗai na sarrafa jirgi ina da izini, ko wata rana za a nema da lissafin Amurka. Kafin kowane tashi da wani matuƙi, tun a ƙasa muke yanke wanda zai zama PIC, sunansa ya shiga takardar tafiya.

Ranar gwaji na miƙa wa mai jarrabawa littafin ya cike bayanin da hannunsa, ya sa lambar lasisinsa. Ban kuma ɗauki jirgi a matsayin PIC ba sai da na ga ajin a rubuce cikin lasisi.

Tashi da inji ɗaya a mace har yanzu awar inji biyu ce, ajin jirgin ake dubawa, ba yawan farfelar da ke juyawa ba. Amma gurbin bayani a nan yake da muhimmanci, kuma shi mutane suka fi yi wa rowa. Ina rubuta ko kashe injin aka yi da gaske aka miƙar da ruwan farfela, ko kuwa rage shi kawai aka yi ya zama ba ya ja ba ya turawa. Kashewa ta gaske a sama sosai ake yi, ƙafa 3,000 daga ƙasa ko fiye. Ina rubuta wane inji ne, sau nawa aka sauka da inji ɗaya, sau nawa aka fasa sauka aka sake hawa, da ko an yi atisayen rage gudu zuwa kusa da jan layin nan na agogon gudu inda jirgi ke fara ƙin bin fedar ƙafa da ake daidaita hancinsa da ita. Wanda zai duba ko ka cika awannin mutuwar inji, a wannan gurbin kaɗai zai gani. Samfurin jirgi ma a rubuta shi daidai, DA42 ko BE58, da lambar rajista cikakkiya mai farawa da 5N. Ajinsu ɗaya, amma DA42 hannun sarrafa inji ɗaya ke gare shi ga kowane inji, kwamfuta ke sauran aikin, Baron kuwa hannaye shida ne a gabanka. Mai inshora da mai ba da hayar jirgi awannin samfuri suke tambaya.

Sauka uku cikin kwana 90 kafin ɗaukar fasinja, a Amurka da Turai duka, ana ƙirga ta ne a aji ɗaya. Sauka 20 a DA40 ba ta ba ka damar ɗaukar ko mutum ɗaya a DA42 ba.

Hunturu yana da nasa tarkon. In hazo ya sauko Zariya, kana sama ba ka ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sai ka ji kamar duk tafiyar awar na'ura ce. Abin da ake rubutawa a wannan gurbi shi ne mintunan da ka tuƙa da na'urori kaɗai, ba ka dogara da komai a waje ba. In kana hango hanyar Kano a ƙarƙashinka kana binta, ba shi ba ne. Dare kuma ba daga faɗuwar rana yake farawa ba, sai ta nutse da digiri 6, wanda a nan bai fi minti ashirin da 'yan kai ba bayan faɗuwarta. Awannin na'urar kwaikwayon tuƙi da ke ƙasa suna da gurbinsu, ba sa shiga jimillar tashi ko da kuwa ta DA42 ce. Mai niyyar juya lasisinsa zuwa na Amurka ya lura da nisa: tafiyar da suke lissafawa a matsayin doguwar tafiya sai ta wuce mil 50 na teku a miƙe, an kuma sauka. Zariya zuwa Kano ta wuce, Zariya zuwa Kaduna ba ta kai ba.

Wajen gyara ban goge komai ba, ban shafa farin ruwa ba. Layi ɗaya na ja a kan lambar yadda za a iya karanta ta, na rubuta daidai a kusa, na sa hannu da kwanan wata, malamin ya sa nasa. Littafin da aka shafe yakan sa mai dubawa ya nemi littafin jirgin da rajistar hasumiya ya gwada su da naka, rubuta awannin ƙarya kuwa laifi ne da ke iya cin lasisi. A ƙasan kowane shafi ina haɗa lissafi ta hanya uku: inji ɗaya da inji biyu su ba da jimilla, rana da dare su ba da ita, PIC da duwal da mataimaki su ma haka. In ɗaya ta ƙi, kuskuren yana shafin nan, ba na juyawa sai na gano shi. Daga nan in ɗauki hoton shafin da waya in tura wa kaina ta imel, littafin ya koma cikin leda, saboda laimar damina da gara.